Daga Heathrow zuwa Charles de Gaulle: kilomita 348 ne, amma awa nawa ce tafiyar?

Duk wanda ya zauna a Legas ba sai an koya masa cewa nisa daban, lokaci daban ba. Gadar Third Mainland ba ta cika kilomita 12 ba. Da asubar Lahadi minti goma ya isa a ƙetare ta, da yammacin ranar aiki kuwa sai mutum ya hau ta da la'asar ya sauka ana kiran magariba. Direban danfo ya san haka, mai kai kaya daga Mile 12 zuwa Obalende ma ya san haka. Amma da zarar an zo maganar jirgin sama, sai a ajiye wannan ilimin a gefe. Alhaji zai duba waya ya ga an ce tsakanin Landan da Paris tafiyar awa ɗaya ce, ya sa wa abokin ciniki lokacin haɗuwa ƙarfe sha biyu, ya sayi tikitin ƙarfe tara na safe, yana ganin har da rarar lokacin shan shayi. Ba zai isa ba, kuma ba don jirgin ya makara ba.

Na zaɓi filayen jirgin sama biyu, Heathrow na Landan da Charles de Gaulle na Paris, domin su ne manyan ƙofofin da mutanenmu ke shiga Turai ta cikinsu daga filin jirgin Legas da ke Ikeja, tare da Amsterdam da Frankfurt. Wanda ya fahimci lissafin wannan gajeren zango, zai iya ɗora shi a kan kowane zango a nahiyar.

Nisan da ke tsakani

Daga Heathrow zuwa Charles de Gaulle, in aka ja zare a miƙe a kan doron ƙasa, kimanin kilomita 348 ne. Don a ji girman abin a jiki: daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Abuja kusan kilomita 365 ne, daga Legas zuwa Abuja kusan 510, daga Legas zuwa Kano kusan 830. Wato tsallaka teku daga Ingila zuwa Faransa bai kai Kano zuwa Abuja ba.

Shafukan intanet kan rikita mutane saboda ma'auni uku ake amfani da su. Wani zai rubuta 348, wani 216, wani 188, kuma duk gaskiya suka faɗa. Na farko kilomita ne. Na biyu mil ne irin na titi, wanda kowane ɗaya yake kilomita 1.609. Na uku mil ne na ruwa, wanda matuƙa jirage ke aiki da shi, kowane ɗaya kilomita 1.852. Kafin a kwatanta shafi da shafi, a fara duba da wane mudu aka auna.

Mai son ya gwada da kansa, lissafin ba shi da wuya. Heathrow yana kan digiri 51.47 a arewa, Charles de Gaulle yana kan 49.01. Bambancin 2.46 ne, kowane digiri kuma kusan kilomita 111, ka ga an samu 273 daga arewa zuwa kudu. Daga yamma zuwa gabas akwai digiri uku a tsakaninsu, amma a can arewacin duniya layukan digirin sun matso kusa da juna, digiri ɗaya bai wuce kilomita 71 ba, wato 213. A ninka 273 da kansa, a ninka 213 da kansa, a haɗa, a nemo lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da wannan jimla. Za a samu 346. Kilomita biyu kacal tsakaninsa da abin da na'ura ke bayarwa.

Sai dai jirgi ba ya bin zaren nan. Akwai hanyoyi da aka shata a sama, akwai wuraren da sojoji suka keɓe, akwai inda aka ce kowa ya shigo ta nan ya fita ta can. Mutanen Legas sun ɗanɗana wannan a watan Agustan 2023, lokacin da Nijar ta rufe sararin samaniyarta: nisan Legas da Turai bai canja ba, amma jirage suka koma zagaye, tafiya ta ƙara tsawo.

Ina sauran mintocin suke tafiya?

Jiragen da ke wannan zango ƙanana ne masu layin tafiya ɗaya a tsakiya, irin su Airbus A320 da 'yan uwansa. In sun miƙe a sama suna gudun kusan kilomita 830 a awa. A raba 348 da 830, minti 25 ke nan. To amma a tikiti za a ga awa ɗaya da kwata, ko awa ɗaya da minti 20. Ina minti 55 suka shiga?

Abu na farko, lokacin da ke kan tikiti ba daga tashi sama zuwa taɓa ƙasa ake ƙirga shi ba. Ana fara ƙirga ne daga sa'ad da motar turi ta janye jirgin daga ƙofa, a gama sa'ad da ya tsaya cik a ƙofar can. Heathrow titi biyu kawai gare shi, yawancin yini ɗaya na tashi ɗaya na sauka, kuma jirage na bin layi kamar motoci a gidan mai. Daga barin ƙofa zuwa ɗaga hanci, minti 15 zuwa 25 ba abin mamaki ba ne. Charles de Gaulle yana da tituna huɗu, fili ne makeke, jirgi zai sauka ya ci gaba da rarrafe minti 10 zuwa 15 kafin ya kai inda za a buɗe ƙofa. Rabin awa ko fiye ya tafi a ƙasa.

Abu na biyu, a sama ma ba a yin cikakken gudu sai kaɗan. Jirgi yana tashi ne yana fuskantar iska. A Heathrow iskar yamma ta fi yawa, kusan kwana bakwai cikin goma, don haka jirgin Paris yakan tashi yana kallon yamma, ya ba Paris baya, sannan ya yi kwana ya nufi kudu maso gabas. Ƙasa da ƙafa 10,000 akwai ƙa'idar gudu, kusan kilomita 460 a awa, rabin ƙarfinsa da ɗan kai. Kuma a gajeren zango ba ya hawa can ƙololuwa inda jirgin Legas ke kaiwa. Matuƙa na da wani lissafi na sauka: kowace ƙafa dubu da za a sauko tana bukatar mil uku na ruwa a gaba. A ce jirgin ya kai ƙafa 24,000, sai ya fara gangarowa tun saura kilomita 130 da 'yan kai, fiye da kashi ɗaya cikin uku na hanyar. Hawa ya ci nasa kason, sauka ta ci nata, tsakiyar ba ta da yawa. Shi ya sa ma'aikatan jirgi ke rabon ruwa da gaggawa, kafin mutum ya gama kurɓa an ce a ɗaure ɗamara. Gaba ɗaya minti 45 zuwa 50 ake yi a sama.

Dawowa daga Paris zuwa Landan tana da nata ƙarin. Heathrow yana da wurare huɗu a sama inda ake tara jirage suna zagaye, hawa-hawa, har layi ya zo kansu: Bovingdon, Lambourne, Ockham da Biggin. Wanda ke zaune gefen taga zai ga fuffuke ya karkata, unguwa ɗaya ta wuce sau biyu, sau uku. Ba matsala ba ce, jiran layi ne, kuma da safe ya fi tsanani domin a lokacin ne jiragen dogon zango daga Afirka da Asiya da Amurka ke tururuwa.

Ga ƙa'idar da ta fi amfani ga mai tsara tafiya a cikin Turai: a raba kilomita da 800, abin da ya fito awoyi ne, a ƙara minti 45. Frankfurt zuwa Heathrow kusan kilomita 655 ne, lissafi ya ba da awa ɗaya da minti 35, kuma kusan haka ake gani a tikiti. Heathrow zuwa filin Fiumicino na birnin Rum kusan kilomita 1,445, awa biyu da rabi. Heathrow zuwa Santambul kusan 2,500, dab da awa huɗu. A lura da abin da lissafin ke nunawa: Rum ta ninka nisan Paris sau huɗu, amma lokacinta sau biyu kawai ya ninka, saboda minti 45 ɗin nan kowa sai ya biya su, mai nisa da mai kusa. Ga manyan jirage masu dogon zango kamar na Legas zuwa Landan, wanda ke cin kusan kilomita 5,000 cikin awa shida da rabi, ƙa'idar tana ɗan wuce gona, don sun fi gudu.

Wasu filayen suna da halinsu na kansu. A Schiphol na Amsterdam akwai titin da ake kira Polderbaan, wanda aka gina can nesa da ginin fasinjoji. In jirgi ya sauka a kansa, sai ya yi tafiyar minti 15 ko fiye a ƙasa, har ya ƙetare gada motoci na wucewa ƙarƙashinsa. Mai ɗan gajeren lokacin canjin jirgi ya sa wannan a lissafi.

Akwai kuma jinkirin da ke ɗaure wa mutane kai: kowa ya shiga, an rufe ƙofa, sama garau, amma jirgi ya ƙi motsi. Dalili shi ne hukumar Eurocontrol da ke Brussels, wadda ke daidaita zirga-zirgar saman Turai. In wani yanki na sama ya cika, ko filin da za a je ya rage yawan jiragen da yake karɓa, sai ta ba jirgi ƙayyadadden lokacin tashi, da ɗan sassauci na minti biyar kafin lokacin ko goma bayansa. Gara a jira a ƙasa da a je ana ƙona mai a sama. Wannan ya fi yawa a watannin Yuli da Agusta, lokacin hutu da hadari, da kuma duk ranar da masu kula da zirga-zirgar jirage na Faransa suka shiga yajin aiki, wanda ke shafar har jiragen da wucewa kawai za su yi ta saman ƙasar. Da hunturu kuma hazo ne, da jiran a fesa wa fukafukai maganin ƙanƙara. Jirgi ɗaya yakan yi sawu huɗu ko fiye a yini, makarar safe kuma tana bin sa har dare tana ƙaruwa. In da zaɓi, a ɗauki na safe.

Agogo

Duk lokacin da ke kan tikiti, agogon garin da abin ke faruwa ne. Paris tana gaban Landan da awa ɗaya, rani da damina. Tikiti zai nuna tashi 09:00, sauka 11:20, mutum ya ɗauka awa biyu da minti 20 ne, alhali awa ɗaya da minti 20 ne. A dawowa zai nuna tashi 12:00, sauka 12:20, kamar tafiyar minti 20.

Ga mutumin Legas akwai ƙarin murɗiya, domin mu ba ma taɓa agogonmu, su kuwa suna taɓawa sau biyu a shekara. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, agogon Landan daidai yake da na Legas, Paris kuma tana gabanmu da awa ɗaya. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris, Paris ce ke daidai da mu, Landan tana bayanmu da awa ɗaya. Hajiyar da ta bar agogon hannunta a kan lokacin gida ta sauka Paris a watan Yuni, ƙarfe goma a hannunta sha ɗaya ce a allon filin. Waya takan gyara kanta in ta kama sabis, amma wayar da aka bari a yanayin jirgi ba ta san an ƙetare ba. Allon filin shi ne alƙali.

Lokutan salla ma haka. A Landan cikin watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare, a Paris kusan goma. A Disamba kuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma an yi magariba a Landan, azahar da la'asar da magariba su taru cikin 'yan awoyi, daidai lokacin da mutum ke layin bincike. Filayen biyu duk suna da ɗakunan ibada, amma wani lokaci da 'yar tafiya daga ƙofar jirgi. A tambaya tun da wuri.

Biza kafin komai

Kilomita 348 ne, amma iyakar ƙasa ce cikakkiya. Birtaniya ba ta taɓa shiga yankin Shengen ba, yankin Turai da ake yawo a cikinsa da biza ɗaya, wanda yanzu ke da ƙasashe 29. Bizar Ingila ba ta shiga Faransa, bizar Shengen ba ta shiga Ingila. Mai son ya taka biranen biyu, biza biyu yake bukata, kuma a duba fuskar bizar Shengen ɗin da kyau inda aka rubuta adadin shiga: 01, 02 ko MULT, wato sau ɗaya, sau biyu ko sau da yawa. Wanda ke da 01 ya shiga Paris, ya leƙa Landan kwana biyu, bizarsa ta ƙare ke nan ko da saura wata guda a kwanan watanta. Ba zai sake shiga Paris ya kwashi kayan da ya bari a otal ba.

Yada zango ma yana da sharaɗi. Najeriya na cikin ƙasashe 12, tare da Ghana da Habasha, da dokar Tarayyar Turai ta ce 'yan ƙasarsu sai da bizar wucewa ko da ba za su fita daga filin jirgi ba. An ɗauke wa mai bizar Shengen mai aiki, da mai takardar zama a yankin, da mai bizar Amurka ko Kanada ko Japan. Bizar Ingila ba ta cikin jerin tun da Birtaniya ta fice daga Tarayyar. Ita ma Birtaniya tana da irin wannan biza ga mai fasfon Najeriya, kuma bizar Shengen ta ziyara ba ta isar masa.

Tarkon da ya fi kama mutane shi ne tikiti mai zango biyu a cikin Shengen, misali Legas zuwa Paris, Paris zuwa Amsterdam, sannan a fita zuwa wata nahiya. Jirgin Paris zuwa Amsterdam kamar na cikin gida yake, babu duba fasfo a tsakani, don haka tun a Paris mutum zai shiga yankin. Bizar wucewa ba ta isa ba, sai cikakkiya. Ma'aikacin kamfani a Ikeja zai duba wannan kafin ya ba da katin shiga jirgi, kuma in babu, a nan tafiya ta ƙare. Tun Oktoban 2025 kuma ƙasashen Shengen suka fara ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu a iyaka, shigar farko tana cin lokaci fiye da da.

Canjin jirgi

Yawancin jiragen Turai daga Legas da dare suke tashi, su sauka da asuba. Kowane fili yana da mafi ƙarancin lokacin da kwamfuta ke yarda ta sayar da canji a cikinsa. A Schiphol minti 50 ne ga mai zuwa daga wata nahiya, a Heathrow awa ɗaya zuwa awa ɗaya da rabi gwargwadon taminal. Wannan lokaci an auna shi ne da matafiyin da ya san hanya, ya zauna a gaban jirgi, fasfonsa ba ya jawo tambaya. Ga mai koren fasfo, musamman in da dattijo ko yara, shawarata awa biyu da rabi zuwa uku. Sauri ya haifi nawa.

A Heathrow akwai taminal huɗu masu aiki, 2, 3, 4 da 5. British Airways na amfani da 5 ga yawancin jiragensa, Virgin Atlantic na 3, Air France da KLM na 4. Tsakaninsu bas ake shiga, kuma duk mai canjin jirgi da ya sauko daga Legas sai ya sake bin layin bincike. A Charles de Gaulle jirgin Air France daga Legas yana tsayawa a 2E. Mai ci gaba zuwa cikin Shengen zai bi layin fasfo ya shiga 2F ko 2G, mai zuwa Landan kuma yana nan cikin 2E, sai dai shi kansa rassa uku ne, K da L da M, da ɗan jirgin ƙasa a tsakaninsu. A karanta harafin da ke gaban lambar ƙofa. A kuma tuna ana rufe ƙofar jirgi minti 15 zuwa 20 kafin lokacin da ke kan tikiti, saboda haka canjin awa ɗaya a takarda minti 40 ne a ƙafa.

Babban abin da za a tambayi ejan shi ne: tikiti ɗaya ne ko biyu? In lambar ajiya ɗaya ce tun daga Legas har ƙarshe, jaka tana wucewa da kanta, kuma in jirgin farko ya makara, kamfani ne zai sa mutum a na gaba kyauta. In tikiti biyu ne aka liƙa don a rage kuɗi, sai mutum ya fita ta wurin jami'an shige da fice, wanda ke bukatar cikakkiyar biza, ya ɗauki jaka, ya sake kai ta awo kafin a rufe, minti 40 zuwa 60 kafin tashi. In ya makara, tikiti na biyu ya mutu. Nauyin kaya ma ya bambanta: tikitin Legas sau da yawa yana ba da jaka biyu masu kilo 23, ƙaramin tikitin cikin Turai kuwa wani lokaci jakar hannu kawai ya ƙunsa, kuɗin ƙarin jaka ya cinye rangwamen har ya nemi ƙari. Araha ba ta ado. Kuma tunda an zo maganar jaka, kilishi da dambun nama da man shanu ba sa shiga, a Ingila ko a Tarayyar, domin an hana shigo da nama da kayan madara daga waje. Tsabar kuɗi da ta kai Yuro 10,000, ko Fam 10,000 a Birtaniya, dole a bayyana ta ga kwastan.

A duba haruffa ukun da ke kan tikiti. Landan tana da filaye shida, Paris uku. LHR Heathrow ne, LGW Gatwick, inda Air Peace ya fara sauka a watan Maris na 2024. Tsakanin su biyun kusan kilomita 70 ne a titi, awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi a bas, kuma sai an shiga ƙasar kafin a yi wannan tafiya. CDG yana arewa da Paris, ORY wato Orly yana kudu, BVA kuwa Beauvais ne, kusan kilomita 85 daga birnin, tafiyar awa ɗaya da kwata a bas. Haka filin Hahn da ake liƙa wa sunan Frankfurt, ya haura kilomita 100 daga garin.

Daga masauki zuwa masauki

Yanzu a haɗa lissafin Alhajin nan. Daga tsakiyar Landan zuwa Heathrow, jirgin ƙasa na Heathrow Express na yin minti 15 daga tashar Paddington, layin Piccadilly na ƙarƙashin ƙasa kusan awa ɗaya. A ce minti 45 har da fitowa daga otal. A isa fili awa biyu kafin tashi. Jirgi awa ɗaya da minti 20. Fitowa, layin fasfo da jiran jaka, minti 45 zuwa awa ɗaya. Jirgin ƙasa na RER B daga filin zuwa tashar Gare du Nord da ke cikin Paris kusan minti 35, ban da neman dandamali da sayen tikiti. Jimla awa biyar da rabi, in komai ya tafi daidai. Mai jirgin ƙarfe tara zai bar otal wajen shida da kwata, ya sauka 11:20 agogon Paris, ya shiga gari wajen ƙarfe ɗaya.

Jirgin ƙasa na Eurostar yana tashi daga St Pancras a tsakiyar Landan, ya bi ramin da ke ƙarƙashin teku mai tsawon kilomita 50 wanda aka buɗe a 1994, ya tsaya Gare du Nord cikin kusan awa biyu da minti 20. Ana duba fasfo na ƙasashen biyu tun kafin a shiga, don haka a je da awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi a hannu. A can kuwa sauka kawai za a yi a fita titi. Ƙasa da awa huɗu. Ga wanda ya riga ya shiga gari, jirgin ƙasa ya fi, ba tantama, kuma bizar da ake nema ɗaya ce. Jirgin sama yana cin riba ne ga wanda ke cikin fili tun farko, ya sauko daga Legas zai wuce a kan tikiti ɗaya.

Inda kilomita ke zama kuɗi

Wuri ɗaya ne adadin nisan nan ke da nauyi da kansa, wato wajen diyya. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004 ta ce in an isa inda za a je da makarar awa uku ko fiye, kuma laifin kamfani ne, fasinja na da haƙƙin Yuro 250 in zangon bai wuce kilomita 1,500 ba, Yuro 400 daga 1,500 zuwa 3,500, Yuro 600 in ya haura 3,500 zuwa ko daga wajen Tarayyar. Birtaniya ta riƙe irin dokar bayan ficewarta, da Fam 220, 350 da 520. Da zaren nan miƙaƙƙe ake aunawa, ba da zagayen da jirgi ya yi ba.

Dokar ta shafi duk jirgin da ya tashi daga cikin Tarayyar, ko na wane kamfani ne, da jirgin da ke shigowa in kamfanin na Tarayyar ne. Mummunan yanayi da yajin aikin masu kula da sama ba sa jawo diyya, amma abinci da wurin kwana suna nan a wuyan kamfani.

A nan ma tikiti ɗaya ya fi. In an yanki tikitin Paris zuwa Landan shi kaɗai, jirgin ya makara, Yuro 250 ne. In tikiti ɗaya ne daga Paris ta Amsterdam zuwa Legas, ɗan gajeren zangon farko ya makara har aka rasa babban jirgi, daga Paris zuwa Legas ake aunawa, kusan kilomita 4,700, Yuro 600 ke nan ga kowane fasinja, har da yaron da aka saya wa kujera.

Lokacin isa a wajen doka shi ne sa'ad da aka buɗe ƙofar jirgi aka ba mutane damar fita, ba sa'ad da taya ta taɓa ƙasa ba. A fili irin Charles de Gaulle, minti goma sha biyar na rarrafe na iya mayar da makarar awa biyu da minti 50 ta zama awa uku da biyar. A ɗauki hoton agogo da an buɗe ƙofa, a adana katin shiga jirgi da 'yar takardar jaka da rasit ɗin duk abin da aka ci ko aka kwana, sannan a cika fom ɗin neman diyya a shafin kamfanin da ya tuƙa jirgin, ba wanda ya sayar da tikitin ba.